Lambar Da Ta Daina Rawa

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da rubutuna na yau. Sun zo! Wallahi sun zo! Dangin Safiyanu sun taso tun daga Hunkuyi, mota cike, da goro da alawa, har da wani kawunsa mai jar dara da ya sha babbar riga kamar zai je ɗaurin aure. Yanzu haka goron yana cikin gidanmu, ina kallonsa da idona.

Sai dai ba a raba shi ba.

Ku tsaya in ɗauko muku daga tushe, don na san akwai waɗanda yau suka fara karanta ni.

Sunana Wasila, a Ikara nake, gidan babana Malam Maiwada. Boko dai na taɓa, a aji uku na sakandare na tsaya. Na yi aure, mijina Allah ya yi masa rasuwa ina goyon 'yata Ummuhani, na dawo gida. Yanzu Ummu tana gudu ko'ina, bakinta ya fara buɗewa, kyakkyawa ce kamar ni, kar ku ce na yabi kaina.

Shi kuwa Safiyanu zuwa ya yi sa mana sola, ya ga Ummu tana jan wayar wutarsa, ya ɗauke ta, daga nan ya ga uwarta. Dogo ne, ba ya da yawan magana, kullum da jakar kwamfuta a bayansa kamar goyo. Ya karanta kwamfuta, yana ƙera 'yan na'urori, ya rubuta musu abin da za su yi, su kuma su yi.

Matsalar ita ce Yaya Bashir, babban wana.

"Baba, wannan fa ba sana'a ba ce," in ji shi. "Danne-danne ne. Yarinya da marainiya a hannu, ka ba mutumin da ko kunya ɗaya ba ya da ita a gona?"

Da Safiyanu ya ji, bai yi fushi ba. Sai ya zo da wani akwatin katako mai murfin gilashi a bayan babur, ya ce shi ya haɗa, yana ƙyanƙyashe ƙwai ba tare da kaza ta yi kwanci ba. Baba kuwa kun san shi da son zabi. Amininsa Bobbo na Kurmin Kogi yana da wasu fararen zabi da Baba ya daɗe yana maita a kansu. Baba ya tashi takanas ya je ya roƙo ƙwai, Bobbo ya raba biyu, ya ba shi rabi, rabin ya sa wa kazarsa. Baba ya jera su a akwatin da hannunsa, sannan ya juyo, a gaban Yaya Bashir da maƙwabta da suka zo kallo, ya ce,

"Ranar da na ga ɗan zabo ya fito daga akwatin nan ba uwa, ranar zan ba shi Wasila."

Wanda ya san Baba ya san in ya faɗi magana a gaban mutane, to ta zauna ke nan, ko shi kansa ba ya iya ɗaga ta.

Aka ajiye akwatin a ɗakin ajiya, mai rufin kwano. Ni aka ba amanarsa. Safiyanu ya sa mini wata manhaja a waya, akwatin yana aiko mata saƙo, tana nuna mini zafin da ke ciki.

"Maman Ummu, talatin da bakwai da rabi ake so," ya ce. "Akwatin ya iya ɗumama kansa, amma bai iya sanyaya kansa ba. In rana ta yi zafi ya wuce, wayarki za ta yi kuka. Sai ki buɗe 'yar tagar nan ta baya, ki jiƙa buhu ki rufa a kai."

"To in ina wanka fa?"

"Ki fito da kumfa."

Haka na zama baiwar akwati. Lambar nan ba ta zama wuri ɗaya, kullum rawa take, ta hau kaɗan, ta sauka kaɗan. Da azahar ta yi, wiiii, waya ta ɗauki kuka, in bar tuƙin tuwo in ruga da buhu. Inna Hajo, mahaifiyata, har tsokanata take, wai ko Ummu ban yi wa irin wannan rainon ba.

Sai ruwan farko ya sauka da wata irin tsawa, ya ƙona ƙwaƙwalwar akwatin, wani ɗan allo kore da bai fi tafin hannun Ummu ba. Na kira Safiyanu ina kuka. Ya zo a jiƙe, ya duba, ya ce irin wannan allon babu shi kusa, amma abokinsa Saminu na Makarfi yana da wani, sabon yayi ma, ya fi tsohon ƙarfi. Muka lulluɓe ƙwan da bargo, ya kama hanya. A can suka ɗora rubutun Safiyanu a kan sabon allon da kwamfutar Saminu, ya dawo ya haɗa kafin ƙwai su huce. Ya kalli wayata, talatin da bakwai da rabi. Ya ce alhamdulillahi, ya wuce Kudan inda yake da aikin sola a wata gona.

Daga ranar na samu hutu, jama'a. Waya ba ta ƙara kuka ba. Ruwan nan kuma da ya yi sau ɗaya sai ya ɗauke, zafi ya dawo kamar ya yi fushi, kwanon ɗakin ajiya har ƙara yake da rana. Amma in na duba waya, talatin da bakwai da rabi. Safe haka, azahar haka. Na ce kai, sabon allo ya iya aiki! Na wanke buhun na shanya na ninke.

Kullum Safiyanu zai turo saƙo: "Nawa?"

In rubuta: "37.5 ranka ya daɗe."

Ya turo: "Madalla da matar injiniya."

In rufe fuska da mayafi ni kaɗai a ɗaki.

Akwai abubuwan da na gani ban ɗauke su komai ba. Wurin kwanan wata ya haukace, shekarar da yake nunawa lambobi ne reras har sun fita daga fuskar waya. Akwai kuma wani ɗan layi a ƙasa da aka rubuta "zafin da ake so", shi kuma ya koma sifiri. Na ce ina ruwana, ni dai babbar lambar aka ce in kalla. Wata rana kuma Ummu ta bi ni ɗakin, ta ɗora hannu a gilashin, ta janye da sauri ta ce, "Mama, wuta!" Na duba waya, na ce, "Ke dai da raki."

Baba ma yana zuwa ya ce in nuna masa. Ya kalli lambar ya gyaɗa kai.

"Abin nan ya nutsu. Ka ga aikin mai hankali."

Sai ga saƙo daga Bobbo, wai na ƙarƙashin kazarsa sun fara fasowa. Baba ya ji daɗi, ya ce to namu ma suna hanya, a gaya wa mutanen Hunkuyi su zo ranar Asabar, kafin nan sun fito, a yi magana ana kallon 'yan zabi.

"Baba da ka jira ka gani tukuna," in ji Yaya Bashir.

"Kai dai ka tanadi tabarma."

Yau ce Asabar ɗin.

Tun da safe na yi wanka, na sa atamfata ruwan ganye mai zanen fanka, wadda ban taɓa sawa ba tun da na fita takaba. Jiya aka yi mini lalle, ya kama har ya yi baƙi. Ummu na sa mata 'yar doguwar riga ruwan hoda da takalmi mai ƙara. Inna tana soya waina, gidan duk ƙamshi. Na leƙa akwati, ƙwai suna nan jere, ko ɗaya bai tsage ba. Amma na duba waya na ga lambata, sai na ji sanyi. Don murna na danna na yi wa Safiyanu saƙon murya.

"Injiniya, ka taho da bakinka cike da fara'a. Ba su fito ba tukuna amma komai lafiya lau. Wallahi allon Saminu ya fi naka biyayya. Tun ranar da kuka sa shi lambar nan ko gezau ba ta yi ba, ba ta hau ba ba ta sauka ba. Waya ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba, har buhun na ninke."

Na ga alamar ya saurara. Na jira dariyarsa.

Sai kira ya shigo.

"Maman Ummu." Muryarsa ba irin ta kullum ba ce. "Kin ce ba ta motsa ba? Ko ɗigo ɗaya?"

"Ko ɗigo. Ba haka ake so ba?"

"Duba mini kwanan wata."

"Ai wannan ya daɗe da haukacewa."

"Layin ƙasa fa? Zafin da ake so?"

"Sifiri."

Na ji ya ja numfashi. "Innalillahi. Je ki buɗe tagar baya yanzu. Ki jiƙa buhu. Ki buɗe ƙofar ɗakin gaba ɗaya. Ga ni nan, ba zan jira mota ba."

Kafin azahar ya iso a babur, farar shaddarsa ta neman aure duk ta yi ja da ƙasar hanya. Ya gaida Inna a tsaye, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ta yi masa izini ya shiga ɗakin ajiya. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da matsamin waina a hannu. Ya zaro ma'aunin zafi na gilashi irin na asibiti, ya zura cikin akwatin. Muka tsaya. Da ya ciro ya kalla, sai ya miƙo mini.

Ya haura arba'in da ɗaya. Kuma fa bayan na sa buhu ke nan.

Na kalli wayata. Talatin da bakwai da rabi.

"To wa ke ƙarya?" na ce.

"Babu mai ƙarya. Laifina ne." Ya durƙusa ya buɗe kwamfuta a kan buhun masara. "Kin san motar Ikara zuwa Zariya?"

"Safiyanu, ana maganar ƙwai kana maganar mota?"

"Ki saurara. Saƙon da akwati ke aiko wa wayarki kamar fasinjoji ne a jere. Na farko lambar akwati. Na biyu lokaci, shi ƙato ne, wurin mutum biyu yake ci. Na uku zafin da ake so. Na huɗu zafin da ke ciki da gaske. Wayarki ba ta san fuskar kowa ba, kujera kawai take ƙirgawa. An ce mata wanda ke kujera kaza shi ne zafin gaske, shi ke nan."

"To?"

"Abin da nake rubutawa, allo ba ya ganewa kai tsaye. Akwai manhajar da ke juya shi zuwa yaren allo, kamfaila ake ce mata. Ita ce kwandasta, ita ke zaunar da fasinja. Ta tsohon allo cusa su take yi, kowa manne da kowa. Ta sabon allo kuwa tana da ƙa'ida, ƙato ba ya zama sai daga farkon benci. Sai ta bar kujera ɗaya ba kowa a gabansa, bayit huɗu, haka muke kiran ma'aunin wurin. Kowa ya matsa baya da kujera ɗaya."

Sai abin ya faɗo mini a ka kamar an sako tulu.

"Wanda ke zaune a kujerar zafin gaske..."

"Zafin da ake so ne. Ni na rubuta shi da hannuna. Shi ya sa ba ya motsi." Ya share gumi da hannun riga. "Abin da muke fata take ta nuna miki, Maman Ummu. Zafin gasken yana can baya, ba wanda ya tambaye shi."

"Saminu ne ya cuce mu!"

"A'a. Rubutu ɗaya ne, ko harafi bai canja ba. Ni ne na kwashi jeren yadda yake zaune a ƙwaƙwalwar allo na aika, na ɗauka kowace kamfaila haka take jerawa. Kamata ya yi in zaunar da kowa da kaina, ɗaya bayan ɗaya, in kuma sa sharaɗin da in tsawon jeren ya canja aikin ya ƙi haɗuwa. Na san haka. Sauri nake kar ƙwai su huce, na ga lamba mai kyau na tafi."

Yana magana yana dannawa. Bai daɗe ba ya gyara, ya haɗa kwamfutar da allon, ya ce in duba. Kwanan wata ya dawo daidai. Babbar lambar ta yi tsalle ta koma arba'in da wani abu, wayata ta ɗauki kukan da ta daɗe ba ta yi ba.

Ya rufe ƙofa ya rage haske, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya haska shi da fitilar waya. Baƙi ƙirin, ba motsi. Ya ɗauki wani. Haka. Wani ma ya fara wari. Inna ta ce, "Baragurbi," a hankali, ta juya ta koma wurin wainarta da ta ƙone.

A nan ne muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, da sallamar maza.

Zan faɗa muku abin da na yi, ku zage ni in kun ga dama. Na tare ƙofar ɗakin na ce,

"Ka mayar da ita yadda take. Ka mayar da lambar. A ce ba su isa fitowa ba. Gobe ka nemo 'yan zabi a Makarfi, mu zuba a ciki, mu farfasa ɓawo. Wa zai sani?"

"Farare irin na Bobbo?"

"A nemo! Safiyanu, ka san Baba. Ka san Yaya Bashir yana can yana jira. Ummu ta fara ce maka Abba."

Ya kalli Ummu da ke riƙe da ƙafar wandonsa. Na ga idonsa ya kaɗa. Har na ɗauka ya yarda.

"Na riga na sa waya ta yi wa Baba ƙarya ba da sanina ba," ya ce. "Ba zan ƙara da ta sani ba."

Ya ɗauki ƙwai ɗaya da ma'aunin gilashin, ya ɓamɓare hannun Ummu a hankali, ya nufi zaure.

Ni da Inna muka laɓe a bayan ƙofar zaure. An gama gaisuwa mai tsawo, ya gida ya iyali ya zafi ya ibada, kawun nan mai jar dara ya gyara murya zai fara, sai ga ango ya shigo da jar ƙasa a jiki ya zube a gaban Baba.

"Safiyanu, me ke hannunka?"

Ya faɗa duka. Bai sa sunan Saminu ba, bai ce ni ce na ninke buhu ba. Ya ce kuskurensa ne ya dafa ƙwan.

"Ai na faɗa!" in ji Yaya Bashir. "Injin dafa ƙwai ya kawo mana. A kawo gishiri da yaji mana!"

"Bashir," in ji Baba. Shi ke nan, Yaya ya sunkuyar da kai.

Kawu ya fara ba da haƙuri, wai yaro ne, wai za a nemo wasu ƙwan. Baba ya ɗaga hannu.

"Da ya yi shiru, da ban sani ba. Wannan na gani, kuma na riƙe. Amma na yi magana a gaban mutane a kan akwatin nan da ƙwan nan, ba wasu ba. Ban ce duka ba, na ce ɗan zabo. Ko ɗaya ne." Ya nuna goron. "Goron nan kada a raba, kada kuma a mayar. A kai shi ɗakin, a ajiye kusa da akwatin. In ya fito, a raba. In bai fito ba, Alhaji, zan aiko muku da kayanku, ba tare da ɓacin rai ba."

Suka ci wainar da ta tsira, suka yi la'asar, suka tafi. Safiyanu ko kallon inda nake bai iya yi ba.

To ga labarin ke nan. Bayan sun tafi na zo na zauna a gaban akwatin, da atamfata da lallena, ga goro a gefe. Ummu tana kan cinyata. Sai ta nuna da yatsa ta ce, "Mama, ga!"

Can layin ƙarshe, daidai bakin 'yar tagar baya inda iska ke ɗan shiga, ƙwai ɗaya ya tsage. Ɗan rami kamar ƙwayar gero. Na kafa kunne a gilashi, na ji ƙyas, ƙyas. Jama'a, na ga baki! Ɗan mitsitsin baki yana turo ɓawo! Na yi guɗa ni kaɗai har Inna ta rugo ba ɗankwali. Na ɗauki hoto na tura wa Safiyanu, na rubuta: "A RABA GORO!!!"

Ya amsa nan take: "Kada ki gaya wa Baba tukuna. Kada ki buɗe, kada ki taimake shi, in kin ɓare masa zai iya zubar da jini. Wanda ya sha zafi yakan fasa, ƙarfinsa ya ƙare a nan. Sai ya fito da kansa."

"Zai fito," na rubuta.



Ina nan zaune, rana ta kusa faɗuwa, Baba yana alwala a tsakar gida, ina jin ƙarar butarsa. Lambar wayata tana ta rawarta kamar da, ta hau kaɗan ta sauka kaɗan, gaskiya take faɗa yanzu. Tun da na fara rubuta muku nake ɗaga kai ina duba ramin nan, bai ƙaru ba. Ɗan bakin yana nan a waje.

Na sake kafa kunne a gilashin. Ummu ma ta kafa nata, ta ɗago ta kalle ni.

"Mama, ya yi barci?"